Darasin Wannan Fitowa: Yadda Labarin Rufe Kogi Ke Isowa Ga Masu Jirgi da Masu Fito

Zuwa ga iyalai mazauna sansani da sauran matsugunan jihar Diffa.

Damina ta ja baya, hadari ya daina haɗuwa, an shiga yankan gero. Wanda ya ɗaga kai ya dubi sama zai ce maganar ruwa ta ƙare sai baɗi. To, ga wanda ke hulɗa da kogin Komadugu Yobe, yanzu ne ma take farawa. Wannan kogi yakan kai ƙarshen cikarsa ne bayan ruwan sama ya ɗauke, galibi a watannin Oktoba da Nuwamba. A watan Oktoba na 2019 ya fasa gaɓarsa ya raba dubban mutane da muhallinsu a wannan jiha, cikinsu har da waɗanda dama gudun hijira ya kawo su. A 2022 ma ya sake yin haka.

Kusan kowane gida a cikinmu yana da wanda ke zuwa bakin kogi. Wani masunci ne, wani fito yake yi, wani ƙwadago yake yi a gonar tattasai ko ta shinkafa, wata itace take ɗebowa, yaro kuma dabbobi yake kaiwa mashaya. Ko mazauna Sayam Forage, da ke nesa da ruwan, suna da ɗa ko ƙane da ke tafiya neman abin sawa a baki a can. Idan hukuma ta ce a dakatar da jirage ko an rufe mashiga saboda cikar ruwa, ran wannan mutumin ya rataya ne a kan ko labarin ya same shi, da kuma ko ya gane shi. Darasinmu na yau a kan hanyar da labarin ke bi ne, da wuraren da yake maƙalewa, da abin da kowane gida zai yi don kada ya wuce shi.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Ruwan da ke cika Komadugu ba a nan yake sauka ba. Manyan koguna biyu ne ke haɗuwa su haife shi. Na farko kogin Haɗeja, wanda ke kwaso ruwan ƙasar Kano, inda aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Na biyu kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi. Dukansu suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗu kusa da Gashuwa, daga nan ruwan ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, ya wuce ta ƙasar Maine Soroa da Shatimari da Diffa da Geskeru, ya faɗa tafkin Chadi a wajen Boso.

Tafiyar tana da tsawo, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, fadamun nan suna riƙe ruwan su riƙa sakinsa a hankali. Shi ya sa ruwan da ya sauka a Kano da Bauchi cikin Agusta yake ɗaukar makonni kafin ya iso mana. Tafkin Chadi ma haka yake. Mafi yawan ruwansa, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da koguna ke kawo masa, daga Shari da Logone yake zuwa ta kudu, kuma yakan ci gaba da hawa har cikin sanyi.

Akwai darasi biyu a nan. Na ɗaya, sararin samaniyar da ke kanmu ba ta gaya mana halin kogi. Na biyu, jinkirin nan rahama ce, domin mutanen Gashuwa da Gaidam suna ganin ruwan kafin ya zo mana, kuma ana iya ba da gargaɗi da sauran lokaci.

Masu aunawa

A wasu wurare a bakin kogi akwai alluna masu lambobi da aka kafa a tsaye, ɗaya sama da ɗaya, kowanne an rarraba shi santimita-santimita. Shi ne ma'aunin ruwa. Akwai irinsa a Bagara, kusa da garin Diffa. Ma'aikaci yana karanta inda ruwa ya tsaya kullum, ya aika wa ma'aikatar ruwa ta jiha. Su kuma suna gwada lambar yau da ta jiya, da ta bara war haka, da wata lamba da aka tsayar tun tuni wadda ake kira matakin gargaɗi. Da zarar ruwa ya kusanci wannan mataki, sai a sanar da hukumomi.

Misali mafi shahara a ƙasar nan shi ne na kogin Kwara a Yamai. A can an raba gargaɗin kashi uku, kowanne da launinsa. Idan ruwa ya kai santimita 530, an shiga launin rawaya, wato a sa ido. Idan ya kai 580, an shiga launin ruwan lemo, wato a shirya. Idan ya kai 620, an shiga ja, wato haɗari ya iso. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700, ya fasa shingayen da ke tare shi, ya shiga unguwanni. Waɗannan lambobi na Yamai ne kaɗai, kowane ma'auni da nasa matakin, amma ma'anar launukan ɗaya ce a duk inda kuka ji su a rediyo: rawaya a sa ido, ruwan lemo a shirya, ja a kauce.

Muna roƙon iyaye su ja kunnen yara game da allunan nan. Ba a ɗaure jirgi a jikinsu, ba a cire su a yi wani amfani da su. Allo ɗaya da ya ɓace yana iya hana gari guda sanin abin da ke tafe.

Me ake nufi da an rufe?

Kalmar tana da fuska fiye da ɗaya, kuma rashin bambance su yana jawo ruɗani.

Akwai rufewa saboda tsaro. Tun watan Fabrairu na 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, kuma a ƙarƙashinta hukumomi sun sha hana zirga-zirga ko su a wasu wurare da wasu lokuta. Wannan ba ruwanta da cikar kogi ko janyewarsa. Ko ruwa ya koma idon sawu, wurin da aka hana saboda tsaro yana nan a hane har sai hukuma ta ce an buɗe.

Akwai kuma rufewa saboda ambaliya, wadda ita ce maganarmu ta yau. Ita ma hawa-hawa ce. Wani lokaci gargaɗi ne kawai: a rage kaya, a daina tafiyar dare, kada yara su shiga ruwa. Wani lokaci mashiga ɗaya ce aka hana, ko hanyar mota da ruwa ya hau kanta, sauran wurare suna aiki. Wani lokaci kuma a ce kowane jirgi ya fito, mazauna kwari su tashi su koma tudu. Wanda ya ji an rufe, sai ya bincika wace iri ce.

Me ya sa ake hana ƙwararren matuƙi abin da ya saba yi shekara da shekaru? Domin ƙarfin ruwa ba ya ƙaruwa daidai da gudunsa, ya fi haka. Idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura jirgi da shi yana ninkawa sau huɗu. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ga shi kuma cikar kogi tana ɓoye kututture da shingen gona da bakin rijiya, tana cin gaɓa ta ƙarƙashi, ta mai da wurin da aka saba sauka rami. Sandar tuƙi ta daina taɓa ƙasa, filafili kuma ba ya iya ja da igiyar ruwan. Hanyar da matuƙi ya haddace a watan Yuli ba ita ce a gabansa ba a watan Nuwamba.

Hanyar da labarin ke bi

Mu ɗauke shi kamar guga da ake miƙawa hannu zuwa hannu.

Hannu na farko mai karanta ma'auni ne da ma'aikatar ruwa. Hannu na biyu hukumomin mulki: gwamnan jiha, shugaban gunduma, da ofishin magajin gari. Su ke da ikon cewa a rufe ko a buɗe. Hannu na uku masu yaɗawa: sarakunan gargajiya da lawanai da bulamai, jandarmomi da sojoji da 'yan kwana-kwana, gidajen rediyo, kwamitocin gargaɗin gaggawa na ƙauyuka, da mu ma'aikatan agaji tare da kwamitocin 'yan gudun hijira. Hannu na huɗu shugabannin bakin ruwa: sarkin ruwa, shugaban masunta, shugaban masu fito. Hannu na ƙarshe shi ne gidanku.

Labarin yakan zo ta waɗannan ƙofofi.

Rediyo. Ita ce ta fi kowace nisan zango, tana isa inda waya ba ta kamawa. Gidan rediyon jiha da ƙananan gidajen rediyon al'umma suna karanta sanarwa da Kanuri da Hausa da sauran harsunan yankin. A lokacin cikar kogi, ya kamata kowace unguwa ta san gidan da ke da rediyo mai batir, a kuma sami wanda ke saurare safe da yamma ya gaya wa maƙwabta.

Waya. Kira kai tsaye daga shugaban masu fito ko daga ɗan kwamiti shi ne mafi sauri. Saƙon murya na WhatsApp ma yana tafiya da sauri, amma yana da illar da za mu ambata a gaba.

Sanƙira da lasifika. Mai shela yana zagaya unguwanni da kasuwa da wurin rabon abinci da bakin famfo.

Masallaci da coci. Sanarwar bayan sallar asuba tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce ta ƙarshe da masunci zai ji kafin ya kama hanya.

Bakin mashiga. Jami'an tsaro ko mutanen sarkin ruwa suna tsayawa su mai da mutane. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe, kuma ba kowace mashiga ke da mai tsaro ba. Wanda ya ce ai da an rufe da na tarar da soja a wurin, ya dogara da abin da ba tabbas.

Inda gugan ke zubewa

Sanarwa tana iya fita daga ofis daidai, amma ta kasa kaiwa ga wanda aka yi ta dominsa. Ga wuraren da muka fi jin tsoro.

Na farko, wanda ya riga ya tafi. Masunci da ya kwana biyu a kan ruwa, ko ɗan ƙwadago da ke kwana a bukkar gona, ba ya jin sanƙira, wayarsa kuma ƙila ba caji ko ba layi. Shi ne ya fi kowa shiga haɗari, shi ne kuma na ƙarshen ji.

Na biyu, harshe. Takardar hukuma da Faransanci take fitowa. Yawancinmu da muka zo daga Najeriya ba mu karanta shi. Kafin ta koma Kanuri ko Hausa ko Fulatanci ta bi baki uku, sunan wuri yana iya canzawa, a kiyaye ya koma an hana, ko an hana ya koma a kiyaye.

Na uku, mata da yara. Sau da yawa a dandalin maza ake faɗin sanarwa, alhali mata ne ke zuwa wanki da ɗiban itace, yara ne ke kai dabbobi ruwa. Magidanci ya ji a masallaci, ya wuce kasuwa bai leƙa gida ba, matarsa ta ɗauki kwando ta nufi kogi.

Na huɗu, baƙunta. Ɗan gari ya san kwarin da ke fara cika da tudun da ruwa bai taɓa hawa ba. Mu da muka zo daga baya ba mu da wannan sani, kuma sau da yawa filin da aka samu aka kafa bukka shi ne wanda 'yan gari suka bari saboda sun san halinsa. Sanarwa ta ambaci sunan wata mashiga, baƙo bai san cewa ita ce wadda yake bi kullum ba, domin shi da wani suna yake kiranta.

Na biyar, tsohon saƙo da jita-jita. Saƙon murya ba ya tsufa a waya. Na bara yana iya dawowa bana kamar yau aka yi shi. Ga kuma maganar an saki dam, wadda ke tayar da hankali kowace shekara. A nan sanin hanyar ruwa yana da amfani. Madatsar Lagdo ta Kamaru kogin Binuwai take zuba wa ruwa, ba ta da haɗi da Komadugu. Madatsar Alau da ta fashe ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024 a kan kogin Ngadda take, shi ma ba ya biyowa ta Diffa. Waɗanda ke kan hanyar ruwanmu su ne Tiga da Challawa, kuma ruwansu sai ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru tukuna. Illar jita-jita ita ce, in an firgita mutane sau biyu ba abin da ya faru, ran da gaskiyar ta zo ba mai motsawa.

Na shida, wanda rufewar za ta taɓa wa aljihu. Ranar kasuwa ce, fasinjoji sun taru, mai jirgi yana da iyali da bashi. Ya ji sanarwar, amma ya ce bari in yi sawu ɗaya. Ba mugunta ba ce, talauci ne, sai dai ruwa bai san wannan ba. Fasinja yana da haƙƙin ya tambaya, yana kuma da haƙƙin ya sauka.

Tambayoyi huɗu

Duk lokacin da labarin rufewa ko buɗewa ya zo muku, ta kowace ƙofa, ku yi masa tambayoyi huɗu. Mai tambaya ba ya ɓata.

Wa ya faɗa? A nemi sunan hukumar ko shugaban da maganar ta fito daga bakinsa. An ce ba amsa ba ce.

Yaushe aka faɗa? Yau, jiya, ko makon jiya? Saƙon da ba rana a cikinsa, a tabbatar da shi kafin a tura wa wani.

Ina ne? Wace mashiga, daga ina zuwa ina? In ba ku gane sunan ba, ku tambayi ɗan gari ya kwatanta muku.

Me aka ce a yi? A kiyaye ne, a daina fito ne, ko a tashi?

A ce wata uwa ta ji a bakin famfo cewa an hana jirage, ɗanta kuma ya tafi gona tun jiya da niyyar dawowa da yamma ta jirgi. Ba ta san wa ya faɗa ba. Abin da za ta yi shi ne ta je wurin shugabar mata ko ɗan kwamitin unguwarta, shi ya kira shugaban masu fito. In ya tabbata, a kira ɗan, in wayarsa ba ta shiga a kira wanda suke aiki tare ko mai gonar, a ce masa ya hau tudu ya zauna inda yake, kada ya nemi wani jirgi a ɓoye. Kafin amsa ta zo fa? Ga ƙa'idar da muke so kowa ya riƙe: labarin rufewa ana aiki da shi nan take, a bincika daga baya. Labarin buɗewa kuwa sai an bincika kafin a yi aiki da shi. In ka yi kuskure a na farko, yini ɗaya ka rasa. Kuskure a na biyu ba ya gyaruwa.

Abin da kogin ke faɗa da kansa

Wani lokaci ruwa yana riga sanarwa isowa. Tsofaffin masunta suna da alamominsu, kuma sun cancanci a saurare su. Ruwa ya canza launi ya yi kauri. Ciyawa da kara da rassan itace sun fara wucewa da yawa. Gaɓa tana zabtarewa. Turken da aka ɗaure jirgi jiya ya nutse. Macizai da ɓeraye suna hawowa tudu. Ruwa ya fara biyowa ta hanyoyin ban-ruwan gonaki ta baya.

Akwai dabara mai sauƙi da kowace mashiga za ta iya yi. A kafa sanda a bakin ruwa da yamma, a yi mata tsaga daidai inda ruwa ya tsaya, a duba da safe. In kwana biyu ko uku a jere ruwa yana haye tsagar, to yana tafe. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiran takarda. Ya gaya wa sarkin ruwa da kwamiti, su kai maganar sama. Gugan nan ta fuska biyu yake tafiya, kuma sau da yawa daga bakin masunci hukuma ke fara jin cewa wata gaɓa ta fashe.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Mun san abin da rufe kogi yake nufi ga gidan da cin yau sai an fita yau. Tattasai ya nuna a gona, koma tana cikin ruwa, rabon abinci bai kai ƙarshen wata ba. Ba za mu ce muku abu ne mai sauƙi ba. Abin da za mu ce shi ne, yawancin dalilan da ke sa mutum ya karya doka ya shiga ruwa ana iya rage su tun ana matakin a sa ido.

Wanda ke da amfanin gona ko injin ban-ruwa a kwari ya fara kwashewa tun gargaɗin farko. Masunci ya ɗebe komarsa da ƙugiyoyinsa daga wuraren da ke da wuyar komawa. Mace mai ciki da watanta ya kusa, da mai ciwon da ke karɓar magani a kai a kai, su dawo ɓangaren da asibiti yake kafin hanya ta yanke. Dabbobi a matsar da su tudu. Takardun rajista da katin rabon abinci da katin rigakafin yara a naɗe su cikin leda a ajiye inda hannu zai kai cikin duhu.

Kowane mai fita bakin ruwa ya bar wa gida abu uku: inda za shi, ranar da zai dawo, da lambar wani da ke kusa da shi. Masu jirgi na mashiga ɗaya su zauna su yarda a kan alama ɗaya da kowa zai gane daga nesa, kamar jan ƙyalle a kan doguwar sanda da rana, da bugun ƙarfe ko usur idan gari ya yi duhu, su kuma sanar da mata da yara ma'anarta. Alamar da mutum biyar kaɗai suka sani ba ta da amfani.

In larura ta gaggawa ta taso bayan an rufe, kamar naƙuda ko saran maciji, kada a saci hanya da dare. A sanar da kwamiti da jami'an da ke kusa, ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 inda layi ke kamawa, don a nemi hanyar da ta fi aminci.

Buɗewa

Mutane da yawa sun tsira daga hawan ruwa, janyewarsa ta ci su. Da an ga ruwa ya ja baya taku biyu, sai kowa ya ƙagu. Amma gaɓar da ta sha ruwa makonni tana iya ruftawa da mutum, yashi ya canza wuri, inda ake takawa da ƙafa ya zama zurfi. A yankin da aka yi faɗa, ruwa yana iya tono abubuwan fashewa ya kai su inda ba a zata. Wanda ya ga baƙon ƙarfe a bakin ruwa kada ya taɓa, ya yi nesa, ya sanar. Rijiyoyin da ambaliya ta shiga kuma sun gurɓace, ruwansu yana kawo amai da gudawa, sai an tafasa ko an sa masa magani.

Bakin da ya rufe shi ke buɗewa. In hukuma ce ta hana, ita za ta ce an sake. Ganin wani jirgi ya haye lafiya ba sanarwa ba ce. Bayan an buɗe ma, a fara da rana, da kaya kaɗan, a bar tsofaffin matuƙa su fara gwada hanya. Inda akwai rigar kariya daga nutsewa a sa ta, a fara da yara.

Aikin kowa

Masu jirgi da masunta: ku tambayi shugabanku halin ruwa kowace safiya kafin ku kwance igiya. Ku riƙe lambobin juna. Wanda ya fara ji ya kira wanda ya fi nisa.

Magidanta: sanarwar da kuka ji a masallaci ko a dandali, ku kai ta gida kafin ku wuce ko'ina.

Iyaye mata: ku ne kuka san wanda ya fita da wanda bai dawo ba. Ku sanar da kwamiti da wuri, kada ku jira dare.

Matasa masu waya: kada ku tura saƙon da ba ku san mai shi da ranarsa ba. In ku ne kuke yin saƙon, ku fara da faɗin rana da wuri da wanda ya ba da umarnin.

Limamai da fastoci da malaman makaranta: ku maimaita sanarwa da harshen da mutanenku ke ji, ku kuma ambaci wurin da duk sunayen da aka san shi da su.

Mu kuma a namu ɓangaren, duk sanarwar da ta zo mana daga hukuma za mu miƙa ta ga kwamitocinku da harshen da kuke ji. In kun ga unguwar da labari ba ya kaiwa, ku gaya mana.

Tambayoyin bita

A karanta wannan darasi a zauren taro ko a tsakar gida saboda waɗanda ba su karatu, sannan a tattauna waɗannan:

1. Me ya sa Komadugu ke cika bayan damina ta wuce?
2. Mene ne bambancin rufewa saboda tsaro da rufewa saboda ambaliya?
3. Waɗanne tambayoyi huɗu ake yi wa labari?
4. Wane labari ake aiki da shi nan take, wanne ake bincikawa tukuna?
5. A gidanku, wa ke zuwa bakin ruwa, kuma in an rufe yau, wa zai gaya masa, ta wace hanya?

Tambaya ta biyar ita ce babba. Gidan da bai da amsarta ya nemo ta yau, kafin mai fita ya sake fita.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.